Ɗafa-Ƙeyar "-tion" a Darasin Ƙirar Kalma: Tsokaci Daga Suleja

Bayanin da aka saba yi wa ɗaliban sakandare game da ɗafa-ƙeyar Ingilishi "-tion" shi ne tana mayar da aikatau suna. Daga nan sai a jera misalai, a umarce su da haddacewa. A ganinmu wannan bayani daidai ne, amma yana da giɓi biyu da suka cancanci kulawar masu tsara manhaja.

Giɓi na farko shi ne rashin ambaton asali. Wannan ɗafi ya fito ne daga "-tio" na Latin, wanda ke nuna aikata wani abu ko sakamakon aikatawar. Yawancin kalmomin da ke ɗauke da shi sun shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci, bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, wasu kuma malamai ne suka aro su kai tsaye daga Latin. Alal misali, "station" ta samo tushe daga aikatau "stare", wato tsayawa. 'Yar'uwarta "-sion" kuwa tana cikin "mission", daga "mittere", wato aikawa. Ɗalibin da ya san haka zai gane cewa "tasha" da "mishan" da yake furtawa kullum jikokin Latin ne, kuma tasha wurin tsayawa ce tun asalinta.

Giɓi na biyu shi ne koyar da darasin ba tare da waiwayar Hausa ba, alhali kuwa harshen yana da nasa ɗafe-ɗafen. "-wa" tana samar da sunan aiki kamar "dafawa" da "karantawa", "-taka" kuma tana samar da "jarumtaka". Kalmomin fannu ma ba su yi ƙaranci ba, domin ƙamus ɗin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito tun 1990.

Sunan Suleja kansa abin koyarwa ne. Garin ya fara amsa sunan Abuja, daga Abu Ja wanda ya kafa shi a 1828. Bayan ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a 1976 aka ba birnin wannan suna, tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. A cikin "Abuja", "ja" sifa ce mai cin gashin kanta, don haka kalmar harɗaɗɗiya ce. "-tion" kuwa ba ta iya tsayawa ita kaɗai. Da wannan misali malami zai bambance harɗi da ɗafi cikin sauƙi, har ga ɗaliban Gwari da Koro da ke ajinsa.

Saboda haka muna ba da shawarar a sanya asali da ma'anar kowane ɗafi a manhaja, a kuma daidaita jadawali ta yadda malamin Hausa da na Ingilishi za su koyar da ƙirar kalma a zango guda.