Inuwa ga Kowa, Maƙwabtaka ga Mai Kuɗi

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun zanen gine-gine, ina so mu dubi Madina da idon basira. A ganina, ma'aunin ginin jama'a shi ne yadda yake kula da mafi rauni cikin masu shigarsa.

Da wannan ma'auni, Masallacin Annabi (SAW) ya cancanci yabo. Faɗaɗawar Sarki Fahad, wadda aka kammala a 1994, ta kawo ƙubbobi 27 masu zamewa don iska ta shiga, da ruwan sanyi da ake turowa daga wata tasha a bayan gari don sanyaya masallacin. A 2010 aka gama kafa manyan laimomi 250 a harabarsa, aikin Bajamushen nan Mahmoud Bodo Rasch. Tsohuwar da ta taso daga Daura ko Maraɗi tana samun inuwar da attajiri yake samu, ba a tambayarta ko sisi. Wannan adalci ne.

Amma da ka fita ƙofar haraba, sai labari ya sha bamban. Don a samu fili an rushe tsofaffin unguwanni, har da unguwar Agawat, inda masu hidimar masallacin, yawancinsu 'yan asalin Afirka, suka zauna. Yau dogayen otal-otal ne suka yi wa harabar zobe. Mai kuɗi yana kwana a bakin ƙofa, talakan alhaji kuwa ya yi ta takawa cikin rana daga masauki mai nisa. Shirin Ru'a al-Madina da aka sanar a 2022 zai ƙara ɗakunan baƙi 47,000. Su wa za su iya biyan kuɗinsu?

Gaskiya ne mahajjata sun ƙaru, dole a faɗaɗa. Sai dai maƙwabtaka da Manzo bai kamata ta zama hajar sayarwa ba, kuma mutumin da aka raba da unguwar kakanninsa ya yi asarar da diyya ba ta mayarwa.

Mu ma a gida mun ga yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi. Idan Allah ya mai da mu gida aka ba mu aikin kasuwa, asibiti ko tasha, mu fara tambaya: ina tsoho zai zauna, kuma wa za a tasa daga gidansa? Allah ya sa mu dace.