Kursiyi da Masu Faɗuwa Gabansa: Tarken Babi na 4 da na 5 na Ru'uya ta Yohanna

Littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, wanda fassarar Hausa ta 1932 ta laƙaba wa suna Ru'uya ta Yohanna, ta 1979 kuma ta kira Wahayin Yahaya, ya yi suna ne a wajen galibin masu karatu saboda dodanni da annoba da lambar nan 666. Amma duk wanda ya bi zubin littafin a tsanake zai tarar ginshiƙinsa yana babi na 4 da na 5, inda babu yaƙi, babu annoba, sai zaman fada a sama da waƙoƙin yabo guda 5. Ayoyi 25 ne gaba ɗaya. Abin da wannan maƙala ta sa a gaba shi ne ta nuna cewa ayoyin nan muhawara ce da aka shirya cikin siffar zaman fada, a kan wanda ya cancanci a faɗi gabansa, kuma ƙarfin muhawarar ya rataya ne a kan abin da marubucin ya ƙi nunawa, da kuma wata kalma ɗaya da ya ƙi sauyawa.

Marubucin ya ambaci sunansa Yohanna, ya ce yana tsibirin Fatmos lokacin da ya ga abin da ya gani, ya kuma aika da saƙonsa ga ikilisiyoyi 7 na lardin Asiya, watau yammacin ƙasar Turkiyya ta yau. Ireniyus, wanda ya yi rubutu wajen shekarar 180, ya ce an ga ru'uyar ne a ƙarshen mulkin Sarkin Rum Domishiyan (81–96), kuma yawancin manazarta sun bi shi a kan haka. Tun a ƙarni na 3 Diyonisiyus na Iskandariya ya lura cewa Helenancin littafin yana da gargada da saɓa nahawu, ya kafa hujja da wannan cewa ba hannun da ya rubuta Bisharar Yohanna ne ya rubuta shi ba. A nan ma ya kamata a yi wa ɗalibi tuni cewa Yahayan da ke cikin sunan fassarar 1979 ba shi ne Yahaya ɗan Zakariyya ba.

Babi na 4 ya buɗe da ƙofa a sama da murya mai kama da ƙaho tana kiran mai gani ya hau. Abu na farko da idonsa ya faɗa a kai shi ne kursiyi, sa'an nan wani a zaune a kansa. Mai karatu yana jiran a bayyana masa fuska ko tufa ko tsawo, sai ba a ba shi ko ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne ƙyallin duwatsu masu daraja, yasfa da jan aƙiƙ, da bakan gizo mai launin zumurrudu kewaye da kursiyin. Daga nan sai idon ya juya ga na gefe, bai sake komowa ba. Wannan kawaici ba ya fitowa sosai sai an gwada shi da littattafan da Yohanna ya ɗebo kayan gininsa daga cikinsu. Annabi Ezekiyel, a babi na 1 na littafinsa, ya ce ya ga wani abu mai kama da siffar mutum a kan kursiyin. Daniyel, a babi na 7, ya ambaci farar tufa da farin gashi. Ishaya, a babi na 6, ya ambaci bakin riga da ya cika Haikali. Yohanna ya san waɗannan surori ukun sarai, don kuwa kusan kowane jan layi na zanensa daga gare su ya fito, amma ya cire siffar mutum, ya cire tufa, farin gashin kuma ya riga ya ba Almasihu shi tun a babi na 1. Ko sunan Allah ma bai fito daga bakin mai ba da labari ba a inda yake nuna wanda ke kan kursiyin. Sai da masu waƙa suka buɗe baki aka ji shi.

Gyaran da ya yi wa Ezekiyel bai tsaya nan ba. Rayayyun halittu 4 na Ezekiyel kowace tana da fuska 4 da fiffike 4, ga kuma ƙafafun keke cike da idanu, domin kursiyin nasa mai tafiya ne, ya je ya sami bayin da aka kwashe zuwa Babila. Yohanna ya raba fuskokin, ya ba kowace halitta guda: zaki, maraƙi, mutum da gaggafa. Ya aro fiffike 6 daga Ishaya, ya kwashe idanun daga ƙafafun keke ya zuba su a jikin halittun, su kuma ƙafafun keken ya watsar da su. Kursiyinsa girkakke ne, ba ya zuwa wurin kowa, sai dai a zo wurinsa.

Mai zane da ya so ya mayar da wannan babi hoto dole ya cike gurbin da aka bari. Albrecht Dürer, a sassaƙe-sassaƙen katako da ya buga a 1498, bai sami mafita ba sai da ya zaunar da dattijo mai gemu a kan kursiyin, wanda kuwa shi ne ainihin abin da nassin ya kauce wa. Akwai ma wuraren da hoton ba ya zanuwa ko kaɗan, alal misali inda aka ce halittun suna tsakiyar kursiyin kuma suna kewaye da shi, ko inda aka ce suna da idanu ciki da waje. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rauni, kuma gaskiya ne akwai cunkoson alamu a cikin littafin da yakan gajiyar da mai karatu. Sai dai littafin da kansa ya faɗa tun a farkonsa cewa don a karanta shi a gaban jama'a suna saurare aka rubuta shi. Ma'aunin kunne ya dace da shi, kuma da wannan ma'auni zubin nasa ba shi da tangarɗa.

A duba yadda waƙoƙin 5 suke hawa. Ta farko, wadda take tsarkake Allah sau 3, halittu 4 ne suka rera ta. Ta biyu dattawa 24 ne. Ta uku halittun da dattawan suka haɗu, suka zama 28, da molaye da tasoshin turare a hannu. Ta huɗu mala'iku ne dubun dubbai. Ta biyar kuwa kowace halitta ce, ta sama da ta ƙasa da ta ƙarƙashin ƙasa da ta teku. Biyu na farko yabon wanda ke kan kursiyi ne, biyu na bayansu yabon Ɗan Rago ne, ta ƙarshe ta haɗa su biyun cikin yabo ɗaya. Kalmomin girmamawa ma an ƙirga su: 3 a waƙar dattawa, 7 a ta mala'iku, 4 a ta dukan halitta, daidai da kusurwoyin duniya. Bayan muryar ta kai iyakar faɗinta, sai ta koma inda ta faro, halittu 4 suka ce amin, dattawa suka faɗi ba tare da wata magana ba. Tauhidin Kirista na littafin, watau haɗa Almasihu da Allah cikin sujada ɗaya, ba a kawo shi ta hanyar hujja ba. Tsarin amshin ne ya ɗauko shi, mai saurare kuma yakan iske kansa a ciki kafin ya ankara.

Su wane ne dattawan nan 24, tambaya ce da aka daɗe ana ja a kanta. Wasu sun ce kabilu 12 ne da manzanni 12, wasu sun ce ƙungiyoyin firistoci 24 ne na littafin Tarihi na Ɗaya babi na 24, Biktorinus na Fettau kuwa, a ƙarshen ƙarni na 3, ya ce littattafan Tsohon Alkawari ne. Abin da suke yi ya fi asalinsu amfani ga mai nazari. Suna da kursiyai nasu da kambin zinariya, amma suna sauka su faɗi, su ajiye kambin a gaban babban kursiyin. Mutumin Afisa ko Birgamas na wancan zamani ya san irin wannan. Tasitus ya ba da labarin yadda Tiridatis, mai neman sarautar Armeniya, ya cire kambinsa ya ajiye gaban mutum-mutumin Sarki Niro a shekarar 63. A Birgamas an gina haikali don Agustus da Rum tun shekara ta 29 kafin Miladiyya, a Afisa kuma an gina wa gidan sarautar Domishiyan nasu a zamaninsa. Suwetoniyus ya ruwaito cewa Domishiyan yana so a kira shi ubangiji kuma abin bauta, laƙabi biyun da dattawa suka ba wanda ke kan kursiyi. Leonard Thompson, a littafinsa na 1990, ya yi shakkar wannan ruwaya, yana ganin marubutan da suka zo bayan sarkin sun ɓata masa suna. Ko da an karɓi wannan shakka, bautar sarki ta kafu a biranen Asiya tun kafin Domishiyan, kuma David Aune ya nuna a wata maƙala ta 1983 yadda al'adun fadar Rum suka yi naso a cikin wannan ru'uya. Saboda haka mai sayar da kaya a kasuwar Afisa, wanda ake sa ran ya zuba turare gaban hoton Kaisar, ba labarin nishaɗi yake saurare ba. Ana gaya masa ne cewa faɗuwar da ake nema daga gare shi tana da mai ita.

Wannan ne ya ba D. H. Lawrence kafar suka a littafinsa da aka buga a 1931, bayan rasuwarsa. A ganinsa littafin Yohanna muryar raunana ce masu hassadar masu ƙarfi, waɗanda suke mafarkin ranar da mulki zai dawo hannunsu. Martin Luther ma, a gabatarwarsa ta 1522, ya ce bai ga Almasihu a cikin littafin ba. Akwai babobi a gaba da zai yi wuya a wanke su daga zargin Lawrence, musamman murnar faɗuwar Babila a babi na 18 da na 19. Amma babi na 5 bai shiga cikinsu ba. A nan an kawo naɗaɗɗen littafi mai hatimi 7, aka yi shela ana neman wanda ya isa ya buɗe, aka rasa, har mai gani ya fashe da kuka a tsakiyar fada. Sai wani dattijo ya rarrashe shi, ya ce ga Zakin kabilar Yahuza ya yi nasara. Zaki ya ji da kunnensa. Da ya ɗaga ido, Ɗan Rago ya gani a tsaye, da alamar yanka a jikinsa. Daga wannan aya har ƙarshen littafin ba a sake kiran Almasihu zaki ba, amma an kira shi Ɗan Rago sau 28. Mai mafarkin ƙwace mulki da zakin zai riƙe. Bahaushe ma yana da gatan jin nauyin wannan juyi fiye da masu karatu da yawa, don kuwa zaki shi ne kirarin da ake gaida sarki da shi a fada, rago yankakke kuwa layya yake tunawa da ita, ko da yake tushen hoton a wajen Yohanna shi ne ragon Idin Ƙetarewa na Yahudawa.

Sai dai wannan kusanci da fadar Hausa yana da tarko ga mai fassara. Kalmar da aka yi amfani da ita ga abin da ke kan dattawa ita ce stefanos, kambin da ake ɗora wa wanda ya ci gasa ko aka karrama, dabam da diyadema, ɗaurin sarauta, wanda littafin ya keɓe wa macijin nan da dabbar da kuma Almasihu a babi na 19. Wanda ya fassara ta farkon da rawani ya jawo ma'anar da ba ta nan. Hakimi yakan tuɓe takalmi ya faɗi gaban sarki, amma rawaninsa yana kansa. Cire rawani a ƙasar Hausa tuɓewa ce daga sarauta, su kuwa dattawan nan ba a tuɓe su ba, an sake ganinsu a kan kursiyansu a babi na 11. Haka nan ba a saba ganin hakimi da molo a hannu yana yi wa sarki waƙa ba, wannan aikin makaɗan fada ne. A fadar Yohanna masu sarautar su ne mawaƙan.

Babbar matsala tana ga kalmar thronos, wadda ta fito fiye da sau 40 a cikin littafin. Hausa tana da kursiyi, da Al'arshi, da karaga, da gadon sarauta. Al'arshi ya fi su kwarjini, kuma mai karatu Musulmi zai tuna nan take da mala'ikun da ke kewaye da shi suna tasbihi a ƙarshen Suratuz Zumar. Amma a bakin Bahaushe Al'arshi na Allah ne shi kaɗai, ba a yi masa jam'i, ba a ba wani. Shi kuwa Yohanna kalma ɗaya ya ba mazaunin Allah, da na dattawa 24, da na Shaiɗan da ya ce yana Birgamas, da wanda maciji ya ba dabbar a babi na 13. Muddin aka raba kalmar gida biyu, an raba gardamar tun kafin a fara ta, mai saurare ba zai ji cewa kursiyi ne ke ja da kursiyi ba. Fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865 ta yi irin wannan rabo, ta sa arsh a babi na 4, ta sa kursi ga na Shaiɗan a babi na 2. Karaga da gadon sarauta za su iya ɗaukar kowa, amma suna saukar da hoton zuwa zauren fadar gari. Kursiyi, wadda fassarorin Hausa suka fi karkata gare ta, tana da ƙamshin addini saboda Ayatul Kursiyyu, tana kuma karɓar jam'i, ana iya ba da ita ga Allah da dattijo da dabba ba tare da an karya harshe ba. Sharaɗin kawai shi ne mai fassara ya riƙe ta daga babi na 1 har zuwa na 22, inda aka ambaci kursiyi guda ɗaya na Allah da na Ɗan Rago.