Mariano Rivera da Jifan da Kowa Ya San Yana Tafe

Tsakanin mai jifa da mai duka a wasan besbol akwai mita 18 da 'yan kai. Ƙwallon ba ta fi cikin tafin hannu ba, nauyinta kusan giram 145, fata ce aka ɗinke da jan zare. Idan gwani ya sake ta da gudun kilomita 150 a awa, kafin rabin daƙiƙa ta isa. A cikin wannan ɗan lokaci mai riƙe da kulki zai gane inda ta nufa, ya yanke shawarar kai duka ko ƙyalewa, sannan ya juya kulkin. Idan ya kai duka ya kuskure, ko ya bar ta ta ratsa ta wurin da doka ta ƙayyade, an rubuta masa ɗaya. In suka cika uku ya fita.

Saboda haka yawancin masu jifa da yaudara suke cin abinci. Mutum zai tanadi jifa iri uku ko huɗu: mai gudu, mai lanƙwasa, mai nutsewa ƙasa, da wanda hannu ke fita da ƙarfi amma ƙwallon ta zo a sanyaye. Mai cafewa, wanda ke tsugune bayan mai duka, shi ke nuna da yatsu wanda za a jefa. Dabarar duka ita ce kada mai duka ya san abin da ke zuwa.

Mariano Rivera ya yi shekara 19 yana wa New York Yankees wasa, daga 1995 zuwa 2013, kuma mafi yawan waɗannan shekaru da jifa ɗaya ya yi su. Mai duka ya sani, 'yan kallo sun sani, mai sharhi a rediyo ma ya sani. Kamar ɗan dambe ne: kowa yana ganin hannun da aka naɗe, amma ganin bai hana mutum shan ƙasa.

An haife shi a 1969, ya tashi a Puerto Caimito, wani ƙauyen masunta a bakin tekun Panama. Yaran garin da kwalin madara suke yin safar cafe ƙwallo, reshen itace ne kulkinsu, ƙwallon kuwa tsohuwar koma ce ake dunƙulewa a naɗe da salatif. Yana shekara 16 ya shiga jirgin kamun kifin da mahaifinsa ke jagoranta, aikin da bai taɓa so ba, musamman bayan wani hatsari a jirgin ya yi sanadin rasuwar ɗan'uwan mahaifinsa. A 1990 wakilin Yankees, Herb Raybourn, ya ɗauke shi a kan kuɗin da ko a lokacin ba a bakin komai suke ba. Siriri ne, jifansa ba shi da wani gudu na a zo a gani. Abin da ya ja hankalin Raybourn shi ne yadda hannun yaron ke fita a sauƙaƙe, babu yunƙuri babu fizga.

Shigarsa babbar gasa a 1995 ba ta yi armashi ba. An gwada shi a matsayin mai fara wasa, bai yi fice ba. Sai aka mayar da shi cikin masu karɓa idan wasa ya yi nisa, kuma a 1997 aka ba shi aikin rufewa. Wasan besbol zagaye tara ne. Mai rufewa yana zaune har zagayen ƙarshe, sai ƙungiyarsa tana gaba da ɗan rata kaɗan a kira shi ya fitar da mutum uku. Wahalar da wasu suka sha ta awa uku a hannunsa take. In ya yi daidai ba a cika tuna shi ba, in ya ɓata shi kaɗai za a gani a jarida.

A shekarar ce jifan ya zo masa. Suna jefa wa juna ƙwallo da abokin wasansa Ramiro Mendoza don ɗumama jiki, sai Mendoza ya fara ƙorafi cewa ƙwallon tana kauce masa gab da isowa. Rivera ya ce shi bai canza komai ba. Shi da mai horar da masu jifa, Mel Stottlemyre, sun ɗauki lokaci suna ƙoƙarin miƙar da ita, don a ganinsu matsala ce. Da ta ƙi miƙewa sai suka bar ta. Rivera, mutum mai riƙo da addininsa na Kirista, har ya bar wasa yana cewa kyauta ce daga Allah.

Ga yadda jifan yake. Manuniya da ɗan yatsan tsakiya suna haɗe a kan ɗinkin ƙwallon, amma an ɗan gusar da su daga tsakiya zuwa gefe, babban yatsa yana tallafe da ita daga ƙasa. Lokacin saki, na tsakiyan ne ke ƙara dannawa. Wannan ɗan bambanci yana karkatar da juyin ƙwallon, iska kuma ta tura ta gefe. Ba lanƙwasa mai yawa ba ce, 'yan santimitoci ne. Amfaninta yana cikin lokacin da ido ke gane ta. Ƙwallon takan taho kamar miƙaƙƙen jifa mai gudu, mai duka ya amince, ya saki kulki, sai ta yanko. Wurin da kulki ke da daɗin duka bai fi faɗin tafin hannu ba. Rivera da hannun dama yake jifa, don haka ƙwallonsa tana shigewa jikin bahago, ta sauka a siririyar ƙotar kulkin kusa da yatsunsa. Sai ka ji ƙaras, itace ya tsage, ƙwallon ta gangara a hankali zuwa hannun mai tsaro.

A wasan ƙarshe na gasar World Series ta 1999, wadda a cikinta ake ɗaukar kofi, Ryan Klesko na Atlanta Braves ya karya kulki uku a tsayuwa ɗaya gaban Rivera. Har ta kai wasu 'yan wasan da ke iya duka da kowane hannu suna barin al'ada: maimakon su tsaya ta hagu, kamar yadda ake yi wa duk mai jifa da dama, sai su tsaya ta dama don ƙwallon ta daina cin yatsunsu.

Masu jifa da yawa suna da irin wannan jifa mai yanka, kuma riƙon ba asiri ba ne. Abin da ya raba Rivera da su, a ganina, saiti ne. Farantin da ke ƙasa gaban mai duka, wanda ƙwallo ke ratsawa ta samansa, faɗinsa santimita 43, shi kuwa tsakiyarsa ba ta dame shi ba, gefuna yake bi. Yau ya cusa wa bahago ita a ƙugu. Gobe bahagon ya ja baya yana jiran ta ciki, sai ya fara ta daga can waje, ta zo kamar za ta wuce a banza, ta yanko ta shafi bakin farantin. Jifa ɗaya ne, amma wuraren ajiye shi da yawa. Kuma ba a samun irin wannan saiti sai jiki yana maimaita motsi ɗaya ba sauyi: ɗaga ƙafa, taku, inda hannu ke sakin ƙwallo. Wanda ya kalli hotonsa na 1998 da na 2011 zai sha wuya kafin ya ga bambanci in ba a fuska ba.

Alƙaluman suna da ban mamaki. Sau 652 ya rufe wasa da nasara a kakar wasa, babu wanda ya kai haka. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi, inda ake karo da ƙungiyoyi mafiya ƙarfi, ya yi zagaye 141, makin da aka ɗora wa alhakinsa 11 kacal. Masu sharhi a Amurka suna son tuna wa mutane cewa waɗanda suka taka duniyar wata su 12 ne. Ya ɗauki kofi biyar: 1996, 1998, 1999, 2000 da 2009.

Akwai ranar da abin bai yi ba. A wasa na bakwai na World Series ta 2001, Yankees suna gaba da 2 da 1 a zagayen ƙarshe gaban Arizona Diamondbacks. Rivera ya yi kuskuren jefa ƙwallo ga mai tsaro, aka farke, sannan Luis Gonzalez, bahago, ya tsaya. Jifan ya yi aikinsa, ya shige masa hannu, dukan ya fita ba ƙarfi. Amma an matso da masu tsaro gaba, sai ƙwallon ta tsallake kansu ta faɗi, kofi ya tafi. Ya tsaya ya amsa tambayoyin 'yan jarida, da kaka ta zagayo kuma ya dawo da jifan nan dai, bai je neman sabo ba. Haka a 2012, yana shekara 42, jijiyar gwiwarsa ta tsinke yana bin ƙwallo lokacin atisaye a Kansas City. Ya ce ba a haka zai tafi ba, ya dawo a 2013 ya rufe wasa 44. A rangadin ban kwana na shekarar, ƙungiyar Minnesota Twins ta ba shi kujerar lilo da aka harhaɗa da karyayyun kulake.

Bai kuma yi rowar jifan ba. A wasan taurari na 2008 ya nuna wa Roy Halladay na Toronto, abokin hamayyarsu a rukuni ɗaya, yadda yake riƙe ƙwallon, har aka zana wurin yatsun da biro a jikin fatar, Halladay ya tafi da ita. Abokan wasan Rivera sun ci shi tara cikin raha saboda ya ƙarfafa maƙiyi. Halladay ya rasu a hatsarin jirgin sama a 2017. A 2019 aka zaɓe su tare zuwa zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown, kuma Rivera ya samu ƙuri'a 425 cikin 425, abin da ba a taɓa yi wa wani ɗan wasa ba kafin shi.