A Bar Ɗalibi Ya Yi Tuntuɓe a Gaban Kyamara

Tun kullen korona na 2020 malaman Turanci suka kama wata al'ada: ɗalibi ya kafa waya, ya yi magana ta minti biyu, ya turo bidiyon. A ƙasashen waje manhajar Flipgrid ce ta yi tashe a wannan fanni, wadda kamfanin Microsoft ya saya a 2018, ya kuma rufe ta a 2024. Mu nan WhatsApp ya ishe mu.

Ina tare da wannan tsari. Aji mai ɗalibai saba'in, darasi na minti arba'in, yaushe layi zai zo kan kowa ya buɗe baki? Ko a jarrabawar WAEC, ɓangaren furuci ba da baki ake amsa shi ba. Yaro sai ya ci, alhali bai taɓa jera jimla uku a gaban jama'a ba. Ga kuma tsohuwar rigimar Bahaushe da P da F. Ka gaji da bayani a allo, amma ranar da ɗalibi ya kalli leɓunansa ya ga sun ƙi haɗuwa, da kansa zai gyara.

Ƙorafina a kanmu malamai yake. Kwanaki wata ɗalibata ta turo bidiyonta, Turanci tsaf ba gargada. Sai na lura idanunta na tafiya daga hagu zuwa dama, suna dawowa. Ashe takarda ta manna a bango, bayan wayar. Da na tambaye ta, ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce, "Wallahi Malam, sau goma sha ɗaya na ɗauka." Ban ga laifinta ba. Santsin magana muke ba maki, su kuma suka koyi goge tuntuɓe. A jarrabawar IELTS kuwa minti ɗaya ake ba ka na shiri, sannan ka yi bayani har minti biyu a gaban mai jarrabawa, kuma ba a sakewa.

Yanzu sai in tura tambaya da daddare, in ce ɗauka ɗaya, a turo cikin minti goma. Wadda a gidansu ba a son fuskarta ta yi yawo a wayoyi, ta nuna min a aji ta goge. Bidiyoyin makon nan cike suke da in'ina da ƙarar janareto. Wani ma "wato" ta kuɓuce masa a tsakiyar jimla, ya daure ya ƙarasa. Shi na ba maki mafi yawa.