Gwanin da Ba Ya Gaggawar Yin Fomat

A shagunan buga takardu na Kiyawa da Shuwarin, har cikin Dutse, akwai kwamfutar da kusan kowa ya san kamanninta: baƙin akwatin Dell ko HP, na hannu, wanda ya gama wa wani ofis aiki a Turai ko Amurka, ya sauka a Legas, ya biyo ta titin Beirut a Kano, ya zo ya samu mazauni a ƙarƙashin tebur kusa da furinta. Da ita ake tsara katin ɗaurin aure, da takardar neman aiki, da furojet ɗin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, da tambayoyin jarrabawar makarantun Islamiyya. Wasu daga cikin irin waɗannan kwamfutoci manyan manhajoji biyu ne ke zaune a faifansu. Ga Windows 7, saboda tsohuwar furinta da CorelDraw da ita suka saba. Ga kuma Linux, galibi Ubuntu ko Mint, saboda Microsoft ta janye hannu daga tsaron Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, filashin kwastomomi kuwa ba ya rabo da bairos. A wani shagon, ƙanin mai shagon ne da ya yi karatun kwamfuta a Kazaure ya saka ta, aka ga amfaninta aka bar ta.

Ran da irin wannan kwamfuta ta wayi gari ta ƙi tashi, maganar da mai ita ya fi ji ita ce: “Alhaji, sai dai a yi mata fomat.” Hanya ce mai sauƙi, kafin azahar an gama. Sai dai tare da matsalar ake share zanen katunan da aka shekara ana tarawa, da babi huɗu na furojet ɗin yarinyar da ba ta da wani kwafi. Akwai kuma masu gyaran da ba sa furta wannan kalma sai sun ƙure kowace dabara, kuma su ne nake ganin girmansu. Abin da ya bambanta su tambaya ce guda da suke yi wa kansu kafin su taɓa ko noti ɗaya: wannan kwamfuta, ina ta kai kafin ta tsaya?

Tambayar tana da nauyi domin tashin kwamfuta hawa-hawa ne. Da an danna maɓalli, akwatin wuta zai raba lantarki. Daga nan BIOS, wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin babban allon ciki, zai farka ya duba ram da kibod da sashen hoto. In ya gamsu, sai ya bi jerin da aka tsara masa na inda zai nemi abin tayarwa, ya karanta farkon faifan ajiya. Abin da ya tarar a can shi zai miƙa wa ragama, shi kuma ya kira Windows ko Linux. Kowane hawa yana da irin alamarsa idan ya gaza. Wanda ya haddace alamomin ya rage wa kansa rabin wahala tun bai buɗe akwati ba.

Shi ya sa za ka ga gwanin ya fara da hira. “Malam, jiya lafiya ƙalau aka kashe ta, ko wuta aka ɗauke tana aiki? An sa mata wani sabon abu? Wani ya sake loda Windows?” Sai ya kunna ta, ya kasa kunne. Fanka ta juya ko ba ta juya ba? Ƙara ɗaya gajera ta fito, wadda a yawancin tsofaffin kwamfutoci ke nufin an wuce binciken farko lafiya, ko kuwa kuka take ta maimaitawa allo baƙi ƙirin? A jikin Dell OptiPlex irin su 755 da 780 akwai 'yan fitilu masu lamba 1 zuwa 4, kuma waɗanda suka kama a cikinsu suna nuna inda ciwon yake. Idan allo bai kawo komai ba, gwanin ba ya ɓata lokaci a kan manhaja, don ba a ma iso wurinta ba. Zai zare wayar wuta, ya buɗe murfi, ya tarar da ƙurar hunturu ta yi kauri a kan fanka da ramukan ram. Ya ɓalle ram ɗin, ya goge haƙoransa na ruwan zinare da abin goge fensir, a hankali, ya kaɗe, ya mayar da ɗaya tak ya gwada, sannan ɗayan. Idonsa kuma yana kan kafasitocin da ke tsaitsaye kusa da furosesa. Wanda kansa ya kumbura ko ya tsiyayo da abu ruwan ƙasa ya gama yayi. An yi annobar irin waɗannan kafasitoci a kwamfutocin da aka ƙera a farkon shekarun 2000, OptiPlex GX270 da GX280 sun sha fama da ita, zafin watan Afrilu a Jigawa kuwa ba ya raga wa ko masu lafiyar.

Akwai wani ɗan abu da ya fi kowa jawo wa mutane asarar da ba ta kamata ba: batirin CR2032, ɗan faifai-faifai mai faɗin milimita 20 da ƙarfin bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS lokacin da babu wuta. Kwamfutar da ta haura shekara goma, wadda kuma ta fi daɗewa a kashe fiye da a kunne, batirinta yakan mutu ba sallama. Sai kwanan wata ya koma shekarun baya, saiti ya koma na kamfani. A nan ne abin yake da daɗin kallo. Idan an loda Windows lokacin da faifai ke kan tsarin IDE, saitin kuma ya juye zuwa AHCI, Windows za ta fara tashi, ta watso shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, ta sake farawa, haka za ta yi ta zagaye. Linux kuwa za ta tashi sumul, domin tana ɗauke da direbobin tsarin biyu. Mai gaggawa zai ce Windows ta lalace. Gwani zai ce: tunda ɗaya ta tashi, ram da faifai da allon ciki suna da rai, abin da ya canza yana tsakanin Windows da yadda take ganin faifan. Ya danna F2 in Dell ce, F10 in HP ce, ya ga shekarar da agogo ke nunawa, ya mayar da saitin inda yake, ya sa sabon batir. Ko fayil ɗaya bai taɓu ba. A hannun wanda ya iya, manhaja biyun nan shaidu ne, kowace tana ba da labarin 'yar uwarta.

Inda ilimin ya fi zurfi shi ne farkon faifan ajiya. A tsofaffin kwamfutoci, sashe na farko na faifan, wanda ake kira MBR, bait 512 ne kacal, kuma tsarin ya samo asali tun 1983. Bait 446 na umarnin tayarwa ne, 64 na jadawalin da ya nuna yadda aka rarraba faifan, inda kowane kaso ke da 16, shi ya sa manyan kaso ba sa wuce huɗu. Biyun ƙarshe hatimi ne da BIOS ke dubawa kafin ya amince. Windows da Linux kamar gidaje biyu ne masu zaure ɗaya: kowa da ɗakunansa da kayansa, amma ta zauren nan dole a shiga, kuma mutum ɗaya ne zai iya zama a bakinsa. A kwamfuta mai manhaja biyu, GRUB ne ke zaune a wurin, shi ke kawo jerin nan da ake zaɓar wadda za a shiga. Duk ran da aka sake loda Windows, takan rubuta nata umarnin a kan nasa ba tare da tambaya ba. Jerin ya ɓace, kwamfuta ta zarce Windows kai tsaye, mai shago ya ɗora hannu a ka ya ce Linux ta tafi da takardunsa. Alhali tana nan daram, hanyar shiga ce kawai aka toshe.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma ya fi tayar da hankali. Wani ya ga kaso a cikin Windows wanda bai gane ba, ya ga kamar fili ne a banza, ya goge ko ya matsar da shi. Washegari allo baƙi, an rubuta “no such partition”, a ƙasa kuma “grub rescue” da ɗan layi yana ƙyaftawa. Yanzu babu wadda za ta tashi, domin bait 446 sun yi wa GRUB kaɗan, ragowar jikinsa yana cikin kason Linux, kuma ya neme shi ya rasa.

Kalli gwani a gaban wannan baƙin allo. Zai gyara zama, ya rubuta ls. Allo ya jero masa kason da ke akwai: hd0,msdos1 da hd0,msdos2 da hd0,msdos5. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Wannan ya ce bai gane tsarin ba, ya wuce, na Windows ne. Wancan ya nuna babban fayil mai suna boot, a cikinsa ga grub. Nan ne. Ya gaya wa GRUB sabon adireshin ragowar jikinsa, ya rubuta insmod normal, sannan normal, jerin zaɓi ya dawo. Yaron shago da ke tsaye a bayansa ya ce, “Oga, an gama ke nan?” Ya ce masa, “Tukuna. In aka kashe ta yanzu, mantawa za ta yi.” Sai ya shiga Linux, ya yi grub-install a kan faifan, ya bi shi da update-grub domin ya sake gano Windows ya sa ta a jeri. Idan kuwa kason Linux ya tafi da gaske, sai ya ɗauko faifan Windows 7, ya shiga sashen gyara, ya yi bootrec /fixmbr, Windows ta karɓi farkon faifan ita kaɗai. Saƙonnin ma yana karanta su a matsayin adireshi: “BOOTMGR is missing” na Windows Vista zuwa sama ne, “NTLDR is missing” na XP, kuma kafin ya yi komai zai duba ko an bar filashi a jiki, don sau da yawa BIOS ne ya je neman abin tayarwa inda babu.

Ɗauke wuta yana da tasa ɓarnar. Kwamfuta na tsakiyar rubutu a faifai, wuta ta tafi, ko man janareta ya ƙare. Gobe Ubuntu ta tsaya a wani allo mai rubutun initramfs, ta ƙi gaba. Galibi umarnin gyaran tsarin faifai na fsck ne maganin, a kan kason da saƙon ya ambata, a Windows kuma chkdsk. Amma a daidai nan ne nake gane wanda ya ɗauki kayan mutane amana. Ba ya gudanar da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai ya tayar da kwamfutar da filashin Linux da ke rataye a makullinsa, wanda ke aiki ba tare da ya taɓa faifan ciki ba. Ya buɗe bayanan SMART, inda faifan da kansa ke lissafa wuraren da suka lalace a jikinsa. Ya kara kunne ya ji ko yana ƙas-ƙas. In ya ga alamar mutuwa, gyara ya tsaya, kwashe kaya ya fara: takardu tukuna, sai zane-zane, sai hotuna, finafinai a ƙarshe in faifan ya kai. Gyaran tsari a kan faifan da ke gargara yana iya ƙarasa shi. Kuma zai faɗa wa mai shago gaskiya, ko da ba ta yi masa daɗi ba: “Ranka ya daɗe, wannan faifan ba zai kai ka sallah ba. A sayi wani yau, na mayar maka da komai.”

Wata ɗabi'arsu da ta cancanci koyi ita ce canza abu ɗaya a lokaci guda. A sauya wayar faifai, a gwada. A mayar da ita, a sauya ramin da take shiga, a gwada. Wanda ya canza abu uku kwamfuta ta tashi bai san wanne ne ya yi magani ba, kuma bayan sati biyu za a dawo masa da ita. Wasu har hoton saitin BIOS suke ɗauka da waya kafin su taɓa shi.

Kwamfutocin hannu da ke shigowa yanzu sun fi waɗancan ƙuruciya, da yawansu UEFI ne a cikinsu maimakon tsohon BIOS, masu tayarwa kuma suna zaune a wani ƙaramin kaso nasu na daban. Sun zo da nasu tarkon. Wanda ya loda Windows a sabon tsari, Linux a tsohon, GRUB ba zai taɓa nuna masa su a jeri ɗaya ba. Tun daga Windows 8 ta 2012 kuma akwai saitin saurin tashi, wanda ke sa Windows ta yi barci maimakon ta mutu gaba ɗaya, Linux ta tarar da kason Windows a kulle ta ƙi rubutu a ciki. Tunda Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma yawancin waɗannan akwatuna ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ina ganin masu sa Linux a gefe za su ƙaru, masu neman wanda ya iya wannan aiki ma haka.

Kafin ya mayar da murfi, gwanin zai shiga Windows, ya kashe, ya shiga Linux, ya kashe, ya zare wayar wuta ya ɗan jira, ya sake kunnawa, don ya tabbatar batirin ya riƙe saiti. Sannan ya duba agogo a ɓangarorin biyu. Linux tana ɗaukar agogon cikin kwamfuta a matsayin lokacin duniya na UTC, Windows kuwa tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gari. Najeriya tana gaban UTC da awa ɗaya, saboda haka duk wanda ya fito daga Linux ya shiga Windows zai ga agogo ya koma baya da awa guda cif, har wasu su zargi sabon batirin da aka sa musu. Layi ɗaya ne ke raba gardamar: ya buɗe tagar umarni a Linux, ya rubuta timedatectl set-local-rtc 1, manhajojin biyu su koma karanta agogon iri ɗaya.