Ba Doki, Ba Rijiya, Amma Ga Bayajida

Duk wanda ya ce zai ɗora labarin Bayajida a kan dandamali, abu uku ke jiransa tun bai ɗauki biro ba: doki, rijiya da macijiya. Ba mai shigo da ingarma cikin zauren taron makaranta, ba mai haƙa rijiyar Kusugu a kan siminti, macijiyar tsumma kuwa da an jawo ta da igiya yara za su kwashe da dariya, tsoron da ake nema ya bi iska. Mai fim yana da kyamara, ya yanke nan ya haɗa da can. Marubucin wasan dandamali ba shi da komai sai bakin 'yan wasa, tabarma biyu, benci guda, da jama'ar da ta zauna tana jiran a ba ta dalilin yin shiru. A cikin wannan ƙuncin ake gane gwani, kuma cikin matasan da ke rubuta wa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu da unguwanni a ƙasar Daura, akwai waɗanda suka iya abin sosai.

Wani matashin malamin sakandare ya rubuta wa ɗalibansa wasa a kan labarin, na kuwa samu kallo. Bai nuna daren kisan macijiyar ba ko kaɗan. Da safiya ya buɗe: tsohuwa Ayana ta fito tsakar gida da tulu, tana tsiyaya ruwa a ƙwarya. Maƙwabciya ta shigo, ta dubi ruwan, ta dubi tsohuwa, ta ce, "Iya, yau wace rana ce?" Iyakar maganar ke nan, zauren ya yi tsit. Babu ɗan Daura da bai san sai ranar Juma'a macijiya ke bari a ɗebi ruwa ba, don haka tambaya guda ta ɗauke wa marubucin nauyin doki da takobi da rijiya gaba ɗaya. Ya san abin da 'yan kallonsa suka shigo da shi a ka, ya yi gini a kansa.

Daga nan sai fada. Magajiya Daurama na zaune, mazaje na shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana rantsuwa shi ya kashe. Ita kuwa kalma biyu take maimaita wa kowanne: "Ina kan?" A karo na farko an yi dariya. A na uku, 'yan kallo ne suka riga ta faɗa. Baƙon da ya yi aikin shi ya shigo ƙarshe, shi ne kuma mafi ƙarancin magana a duk wasan. Ya durƙusa, ya juya wa jama'a baya, ya kwance bakin jaka. Ba mu ga komai a ciki ba. Fadawa muka gani sun ja da baya, ɗaya har rawaninsa ya warware, Magajiya kaɗai ba ta motsa ba. A fuskokinsu muka ga kan macijiyar, kuma wallahi ya fi duk wanda za a ɗinka da tsumma ban tsoro.

Wannan iyawa tana da asali. Yaran da ke yawon tashe daga goma ga azumi, da gemun auduga da cikin tsumma, sun daɗe da sanin cewa tafiyar tsoho da tarinsa sun isa su mai da ɗan shekara tara dattijo. Matan fada suna da wasan gauta, inda suke kwaikwayon sarki da hakimansa, samarin karkara kuma suna da kalankuwa bayan kaka. Rubutun ne ya zo daga baya: wasannin R. M. East a shekarun 1930, Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wasannin da Malam Aminu Kano ya riƙa zungurar zalunci da su, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma ta Mohammed Sada, har zuwa Kulɓa Na Ɓarna da Umaru Ɗanjuma Katsina ya fitar a 1979. Can tsallaken iyaka kuma, a Damagaram, su Yazi Dogo sun nuna ana iya tsara wasa mai ƙarfi a baka, a yi ta gwaji har ya nuna. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, sai ƙungiyoyin dandamali suka yi ta komawa bidiyo. Saboda haka matashin da ya zauna yau yana rubuta wa dandamali, alhali ga waya a aljihunsa da zai iya ɗaukar barkwancin minti ɗaya ya watsa a TikTok, hanya mai wuya ya zaɓa da gangan.

Abin da ya fi burge ni a wurin waɗannan matasa kunne ne. Marubucin kirki yakan zauna a majalisar mai shayi, a tashar mota, a kara ranar kasuwar Mai'aduwa, yana jin yadda dillali ke rantsuwa da yadda mai saye ke yin kamar zai tafi. Yana sauraron Dauranci yadda ake yin sa a Zango da Baure da Sandamu, ba ya wanke shi ya koma Hausar labarun rediyo. Ya kuma san rabin zancen Bahaushe a cikin abin da bai faɗa ba yake. Mace ba ta kiran sunan miji, uwa tana kawaici a kan ɗan fari, ƙane ba ya ɗaga ido gaban wa. Wanda bai ƙware ba yana ganin kunyar nan cikas ce, sai ya sa mutanensa su yi ta zazzage cikinsu. Gwani da ita yake ƙulla wasan.

Ga misali daga wani gajeren wasa da wata ɗaliba ta rubuta a kan lokacin da aka rufe iyakoki a 2019. Maigida ya dawo daga Kwangwalam da dare, hannu rabbana. Matar ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwano.

"Malam, sannu da hanya. Ga tuwo."

"Na ci a hanya."

Ta ɗan jima tana kallon kwanon, ta mayar da murfi. "To, bari in ajiye wa Auta na safe."

Ba a ambaci buhun da aka ƙwace ba, ba a ambaci bashi ba, ba wanda ya yi kuka. Amma kowa ya gane bai ci komai ba, ya gane ta sani, ya gane tuwon nan shi ne ƙarshen abin da ke gidan. Wata dattijuwa kusa da ni ta ce "Allah sarki" a hankali. Jimla huɗu suka yi wannan aikin, kuma sai an yi ta sharewa ana sakewa kafin a kai ga irinsu.

Akwai kuma lissafin shiga da fita, wanda ɗan kallo ba ya lura da shi sai ya lalace. Yarinyar da ta fita a matsayin amarya tana bukatar lokacin sauya zane kafin ta dawo a matsayin uwar miji, don haka dole a ba wasu abin yi a gaban jama'a, abin kuma ya zama yana tura labarin gaba. Dole kowace fitowa ta ƙare da abin da zai hana mutum tashi. Dole maganar ta zama wadda ɗan aji huɗu zai iya ɗaga murya da ita har layin baya ba tare da lasifika ba, tunda wuta ba ta da alkawari.

Inda da yawansu ke tuntuɓe shi ne ƙarshe. Sai an gama wasa lafiya, a turo liman ko mai gari ya tsaya ya yi wa jama'a bayanin darasi. Na san dalili, malamai da iyaye suna son a ce wasan ya faɗakar. Amma wanda ya ga matar nan ta rufe kwano ya riga ya ji wa'azin. Waɗanda nake yabo su ne suka yarda da hankalin 'yan kallo, suka bar liman a masallaci.

In ka ji za a yi wasa, ranar ba da kyaututtuka a makaranta ko Ranar Hausa, 26 ga Agusta, ka je, ka zauna a baya. Rufe ido na ɗan lokaci: in kana iya bambance mai magana daga kalamansa kawai, marubucin ya iya. Lura da lokacin da yara suka daina guje-guje. In za ka ba wani labari, kada ka tsaya a "wasan ya yi kyau", faɗa masa fitowar da ta kama ka. Sannan ka tambayi sunan wanda ya rubuta, domin tafi ga 'yan wasa yake tafiya, shi kuwa yana bayan labule yana riƙe da rawanin aro.

Yawancin wasannin nan a littafin rubutu na makaranta suke, da biro, kwafi ɗaya tal, da ɗalibai sun gama sai ya ɓace. Kwalejin Yusufu Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura suna da zauruka da na'urorin buga takarda. A tattara goma mafi kyau a buga, a kuma ware musu dare ɗaya a makon Sallar Gani, lokacin da garin ke cike da baƙi daga ko'ina.