Harshen Majinyaci a Cikin Horar da Masu Ɗaukar Hoton Asibiti: Sharhi a kan Manhajar Karatu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi sharhi a kan yadda ake horar da ɗaliban da za su zama masu ɗaukar hoton asibiti a Nijeriya. Tun daga 1895, lokacin da Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, aikin yake bunƙasa, har ya haɗa da sikanin da sauran na'urori masu leƙa cikin jiki. A nan ƙasar an kafa hukumar rajistar masu wannan aiki da Doka ta 42 ta 1987, kuma jami'o'i kamar Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Maiduguri suna ba da digiri na shekara 5, sannan ɗalibi ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki. Ba mu da ta cewa game da zurfin karatun kimiyya. Inda muka ga giɓi shi ne wajen harshen da za a yi wa majinyaci magana.

Inda Giɓin Yake

Da Turanci ake koyarwa, da shi ake jarrabawa, har darasin kula da majinyaci. Hausar da ɗalibi zai yi aiki da ita kuwa, an bar masa ya tsinta a ɗakin hoto, wato in ya dace da na gaba mai haƙuri ya koya, in bai dace ba shi ke nan. A ganinmu wannan ya saɓa wa babbar ƙa'idar da manhajar kanta take koyarwa, cewa kada a haska wa mutum eksire fiye da gwargwadon larura. Duk hoton da ya lalace saboda rashin fahimtar juna sai an sake shi, ke nan majinyaci ya sha haske sau 2 a kan bukata 1. Ga misalai 3.

Na farko, hoton ƙirji, wanda ake yawan nema saboda tarin fuka da ciwon zuciya. Majinyaci zai tsaya kimanin santimita 180 daga na'ura, ya cika huhunsa da iska, ya riƙe. Idan bai cika ba, zuciya takan fito kamar ta kumbura, ƙasan huhu ya yi fari-fari kamar da cuta, likita ya ruɗe. Wanda aka ce wa "yi numfashi" zai shaƙa ya fitar ne, domin ma'anar maganar ke nan. Abin da ya kamata a ce wa dattijo shi ne, "Baba, ja numfashi sosai, riƙe, kada ka saki sai na ce." A kuma gwada tare da shi kafin a danna.

Na biyu, tambayar juna biyu, wadda ta fi kowace hatsari. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta fi saurin cutuwa da haske mai yawa tsakanin mako na 8 da na 15, ga shi hoton ciki na na'urar CT guda yana daidai da hoton ƙirji ɗaruruwa. Littafi ya ce a tambayi mace ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. To, amma amarya mai cikin fari, wadda saurayi ya tambaya gatsau "Kina da ciki?" a gaban uwar mijinta, sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a, don kunya. Da an keɓe ta, ma'aikaciya ta ce "Ko kin yi ɓatan wata?", da an sami gaskiya. Bugu da ƙari, mata da yawa da watan sama suke lissafi, su ce tun kafin azumi ko bayan sallar layya. Ɗalibin da bai iya mai da wannan zuwa kwanan watan boko ba, tambayarsa ta tashi a banza.

Na uku, abin da ke jikin majinyaci. Jigida da laya da guru sukan fito a hoto su rufe wurin da ake son gani, ƙarfe kuwa hatsari ne babba kusa da na'urar maganaɗisu. Umurnin "cire kayan ado" bai shafi laya ba a wurin mai ita, sai an ambace ta da sunanta cikin ladabi.

Abin da Wasu Za Su Ce

Wasu za su ce ai akwai tafinta. Amsarmu ita ce riƙe numfashi abu ne na daƙiƙa kaɗan, kafin tafinta ya juya magana iska ta fita. Sau da yawa kuma tafintan ɗan'uwa ne, shi ma ya tsaya cikin haske, kuma a gabansa ne ake jin kunyar. Wasu kuma za su ce ba kowane majinyaci ne Bahaushe ba. Gaskiya ne, don haka abin da muka faɗa game da Hausa ya hau kan Barbarci a Borno da Fulatanci a Adamawa.

Kammalawa

Shawararmu ita ce sassan koyar da wannan aiki su haɗa kai da sassan harsunan Nijeriya, a tsara ɗan littafin umurni da tambayoyi na ɗakin hoto, a gwada kalmominsa a kan majinyata maza da mata, na birni da na ƙauye. Sannan a jarrabawar aiki a ba da maki ga yadda ɗalibi ya yi wa majinyaci bayani da harshensa, kamar yadda ake bayarwa ga yadda ya saita na'ura. Mun san ɗalibi ba ya mai da hankali sai a kan abin da za a jarraba shi.